Dalilin da Ya Sa Amurka Ta Soke Dokar Hana Giya

A ikilisiyoyinmu na Arewa babu wanda yake bukatar a gaya masa ɓarnar giya. Mun binne samari saboda ita. Mun ga dawar da ya kamata ta kai iyali damina ta ƙare a tukunyar burkutu tun kafin Ista, kuma duk wanda ya taɓa zama cikin dattawan ikilisiya ya san yawan rikicin auren da idan aka bi diddiginsa kwalba ce a gindinsa. Shi ya sa idan maganar ta taso a zumuntar mata ko a taron maza, ba a rasa mai cewa, "Da ma gwamnati za ta hana abin nan gaba ɗaya, kowa ya huta."

Akwai ƙasar da ta gwada haka, kuma masu bi ne suka ja gaba. Amurka ta rubuta hanin giya a cikin kundin tsarin mulkinta. Dokar ta fara aiki ranar 17 ga Janairu, 1920, aka soke ta ranar 5 ga Disamba, 1933, wato ba ta cika shekara goma sha huɗu ba. A duk gyare-gyaren da aka yi wa kundin tsarin mulkin ƙasar, wannan ne kaɗai aka taɓa janyewa.

Labarin ba baƙo ba ne ƙwarai a gare mu. Da yawa daga cikin 'yan mishan da suka kawo mana bishara daga Amurka da Kanada sun tashi ne a ikilisiyoyin da yaƙi da giya ya yi ƙarfi a cikinsu. Lokacin da 'yan mishan na Church of the Brethren suka fara aiki a Garkida a 1923, dokar tana da shekara uku a ƙasarsu. Ko al'adar zuba abin sha marar sa maye a ƙananan kofuna ranar jibin Ubangiji tana da dangantaka da wancan zamani. Wani ɗan ikilisiyar Methodist mai suna Thomas Welch ne a 1869 ya fito da hanyar dafa ruwan 'ya'yan inabi don kada ya rikiɗe ya zama giya, saboda a yi amfani da shi a teburin Ubangiji. Waɗanda suka kafa dokar nan danginmu ne cikin bangaskiya, don haka ya kamata mu san abin da ya same su.

Yadda aka kai ga dokar

Wajen shekarar 1830 Ba'amurke yana shan barasa kusan ninki uku na abin da yake sha yau. Gidan giya wurin maza ne. Nan ma'aikaci yake ratsewa ranar albashi kafin ya isa gida, nan ake caca, nan kuma 'yan siyasa suke sayen ƙuri'a da kofi. Matar aure a lokacin ba ta da ƙuri'a, kuma da wuya doka ta kare ta daga miji mashayi. Saboda haka mata suka tashi. A ƙarshen 1873 matan wasu garuruwa a jihar Ohio suka riƙa fitowa daga majami'a a jere, su durƙusa a ƙofar gidajen giya cikin tsananin sanyi, suna addu'a da waƙoƙi har mai gidan ya gaji ya rufe. Daga nan aka kafa ƙungiyar mata Kirista masu yaƙi da shaye-shaye, wato WCTU, a 1874. Makamansu su ne addu'a, koyar da yara, da takardar alkawari wadda mutum yake sa wa hannu da kansa cewa ya bar sha.

A 1893, shekarar da Bingham da Gowans da Kent suka sauka a Legas, aka kafa wata ƙungiya a garin Oberlin na jihar Ohio mai suna Anti-Saloon League, wato ƙungiyar yaƙi da gidajen giya. Ikilisiyoyin Methodist da Baptist da Presbyterian su ne ƙashin bayanta, suna buɗe mata bagadi ta yi magana ta kuma karɓi baiko. Wani lauya, Wayne Wheeler, shi ya zama ƙwaƙwalwarta. Dabararsa ɗaya ce: a tambayi kowane ɗan takara yadda zai jefa ƙuri'a kan giya. Ba ruwansu da jam'iyyarsa, ba ruwansu ma ko shi kansa yana sha. In zai goyi bayan hani, masu bi su zaɓe shi. In ba zai goya ba, su kayar da shi. Dabarar ta ci zaɓe sosai. Amma mu riƙe ta a zuciya, domin za ta dawo ta cije su.

Abu biyu suka buɗe musu hanya. Na farko haraji. Shekaru da yawa harajin giya shi yake kawo wa gwamnatin tarayya wajen kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shigarta, don haka ba ta iya rabuwa da shi. A 1913 aka kafa harajin da ake cira daga abin da mutum yake samu, sai gwamnati ta sami wata rijiyar. Na biyu yaƙi. Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917 tana yaƙar Jamus, ga shi kuwa manyan masu kamfanonin giya a ƙasar 'yan asalin Jamus ne. Nan da nan kare giya ya zama kamar cin amanar ƙasa. A Disamba 1917 majalisa ta amince da gyara na 18, a Janairu 1919 adadin jihohin da ake bukata ya cika, daga baya ma jihohi 46 cikin 48 suka sa hannu. Da dokar za ta fara aiki, shahararren mai wa'azin nan Billy Sunday ya yi wa giya jana'iza a garin Norfolk, har da akwatin gawa, ya gaya wa jama'a cewa zamanin hawaye ya wuce, za a mai da gidajen kurkuku masana'antu.

Kafin mu ci gaba, mu yi wa dokar adalci, domin akwai masu ba da labarinta kamar ba ta tsinana komai ba. A shekarun farko shan giya ya ragu ƙwarai, masu mutuwa da ciwon hanta na mashaya sun ragu, tsohon gidan giya na bakin titi ya ɓace. Ko da sha ya sake hawa daga baya, bai koma inda yake kafin dokar ba sai bayan shekaru masu yawa. Akwai gidajen da suka ci abinci saboda wannan doka. Tambayar ita ce me ya sa, duk da haka, jama'ar da suka kafa ta suka juya mata baya.

Dokar da ta wuce inda jama'a suke

Gyara na 18 ya hana "abin sha mai sa maye" ba tare da ya faɗi iyakarsa ba. Mutane da yawa da suka goyi baya sun ɗauka barasa mai ƙarfi ake nufi, irin su wiski da jin. Sai majalisa ta yi dokar aiwatarwa, wadda ake kira dokar Volstead, ta ce duk abin da barasar da ke cikinsa ta kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ya haramta. Wannan ya haɗa da giyar kwalba mai sauƙi da ruwan inabin da miliyoyin 'yan asalin Italiya da Jamus da Ailan suke ci da abinci tun kakanninsu. A dare ɗaya suka zama masu hulɗa da masu laifi kan abin da lamirinsu bai taɓa kira zunubi ba.

Ga shi kuma dokar cike take da ramuka. Ta hana yi, da sayarwa, da safara, amma ba ta hana saye ko sha ba. Masu kuɗi sun sami shekara guda cur kafin ta fara aiki, suka cika ɗakunan ajiyarsu, suka ci gaba da sha bisa doka, talaka kuwa ake kama shi. Likita yana da izinin rubuta wa marar lafiya kusan rabin litar wiski duk kwana goma, sai rashin lafiya ya yawaita. An bar ruwan inabi don sujada, sai ga masu addinin ƙarya suna yin rajistar majami'un da babu su. Kamfanoni suna sayar da curin busasshen ruwan inabi da gargaɗi a jikin kwali cewa kada a jiƙa shi a ajiye kwana ashirin, domin zai zama giya. Kowa ya gane gargaɗin.

Jami'an da aka ɗauka don tsare dokar a farko wajen 1,500 ne, a ƙasa mai mutum fiye da miliyan ɗari, mai doguwar iyaka da Kanada da Meziko da tekuna biyu. Albashinsu kaɗan ne, kuɗin 'yan fasa-ƙwauri kuwa ba iyaka. Ba sai mun bayyana wa mai karatu a Nijeriya abin da yake faruwa a shingen hanya idan haka ta kasance ba. Jihohi ma suka riƙa zame jiki: Maryland ba ta taɓa yin dokar aiwatarwa tata ba, New York kuwa ta soke tata a 1923. Kotuna suka cika maƙil da ƙananan ƙararraki, har alƙalai suka ware ranakun da duk wanda ya amsa laifi zai biya 'yar tara ya tafi.

Da ciniki ya koma bayan fage, sai ya faɗa hannun waɗanda ba sa tsoron doka. Al Capone ya mallaki Chicago da cin hanci da bindiga. Ranar 14 ga Fabrairu, 1929, aka jera mutum bakwai na wata ƙungiyar da ke gaba da tasa a jikin bango aka harbe su, hotunan suka cika jaridu. Da aka ɗaure Capone a 1931, kan ƙin biyan haraji aka ɗaure shi. Abin sha ma ya ƙara muni. Ɗan fasa-ƙwauri ya fi son abin da yake da ƙarfi a ƙaramar kwalba, don haka mutane suka bar giya mai sauƙi suka koma barasa mai zafi da ake dafawa a ɓoye. A 1930 wani gurɓataccen maganin citta da talakawa suke sha a maimakon giya ya shanye ƙafafun dubban mutane.

Akwai wani abu da ya fi wannan nauyi a gare mu. Gwamnati tana tilasta wa kamfanoni su zuba guba a barasar masana'antu don kada a sha. 'Yan fasa-ƙwauri suna sacewa su tace su sayar, gwamnati kuma tana ƙara gubar. A Kirsimetin 1926 mutane da dama suka mutu a New York. Da aka tambayi Wheeler, sai ya ce gwamnati ba ta da alhakin ba mutane barasar da za ta shayu, wanda ya sha kuwa shi ya kashe kansa. Tafiyar da ta fara da mata suna kuka a gwiwa don mashayi, ga ta ta kai inda jagoranta yake ɗaga kafaɗa a kan gawarsa. A ganinmu tun daga nan aka fara rasa yaƙin, ko da yake dokar ta ƙara shekara bakwai.

Mai dokar barci

Yanzu mu koma ga dabarar Wheeler. Tun da an yarda a zaɓi mashayi muddin zai yi ƙuri'ar hani, majalisa ta cika da irinsu. A 1930 wani mutum mai suna George Cassiday ya rubuta a jaridar Washington Post yadda ya yi shekara goma yana kai wa 'yan majalisa barasa har cikin ofisoshinsu. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. A daidai wannan lokaci ne kuma aka ƙara tsananta hukunci: dokar 1929 ta kai shi ɗaurin shekara biyar da tarar dala dubu goma, a jihar Michigan kuwa aka yanke wa wata mata mai 'ya'ya goma ɗaurin rai da rai saboda an kama ta karo na huɗu tana sayar da barasa.

Ikilisiya ma ba ta fita da tsabta ba. Tun farko masu bi ba su kasance da murya ɗaya ba, domin yawancin Katolika da Lutheran 'yan asalin Jamus ba su goyi bayan hanin ba. Maimakon a jawo su, sai yaƙin ya ɗauki launin ƙabila da ɗarika: mutanen karkara 'yan Furotesta a gefe guda, baƙin haure na birane a ɗaya gefen. Ƙungiyar nan ta ƙiyayya, Ku Klux Klan, ta shiga sahun masu kare dokar, tana kai farmaki gidajen mutane da sunan neman giya. A zaɓen shugaban ƙasa na 1928, da Al Smith ya tsaya, ɗan Katolika mai adawa da hanin, wasu masu wa'azi suka haɗa giyar da ɗarikarsa suka yaƙa tare. Babba a cikinsu shi ne Bishop James Cannon na Methodist, wanda ya zama fuskar tafiyar bayan mutuwar Wheeler a 1927. Ba a daɗe ba aka zarge shi da cacar hannun jari da karkatar da kuɗin yaƙin zaɓe. Kotu ta wanke shi daga baya, amma sunan ya riga ya ɓaci, ya kuma shafi duk abin da ya tsaya a kai.

A cikin ƙungiyar kanta an yi gardama da ya kamata mu sani. Wani shugabanta, Ernest Cherrington, ya dage cewa bayan an sami doka, babban aikin shi ne a ci gaba da koyarwa har zuciyar jama'a ta iso inda dokar take. Wheeler ya fi ƙarfafa kame da hukunci, kuma muryarsa ce ta fi ƙarfi a shekarun da suka fi muhimmanci. Muna ganin Cherrington ne yake da gaskiya. Littafi Mai Tsarki ya ba hukuma ikon tsawata wa mugunta, kamar yadda Romawa sura 13 ta koyar, kuma ya yi magana da ƙarfi a kan buguwa a Karin Magana sura 23 da Afisawa sura 5. Amma a Romawa sura 8 Bulus ya nuna cewa ko Shari'ar da Allah da kansa ya bayar ba ta iya sāke zuciya ba saboda rashin ƙarfin mutum. In haka yake da Shari'ar Musa, ina ga ta majalisar Amurka? Ƙauracewa giya gaba ɗaya, wadda ikilisiyoyinmu suka riƙe kuma muke riƙe da ita, alkawari ne na almajiri, don tsaron kansa da kuma don kada ya sa ɗan'uwansa tuntuɓe, bisa ga koyarwar Romawa sura 14. Irin wannan alkawari mutum ne yake ɗaukarsa. Da aka miƙa shi ga ɗan sanda ya ɗora wa wanda bai ɗauka ba, sai ya zama wani abu dabam.

Waɗanda suka juya

Masu kamfanonin giya sun daɗe suna kuka, ba wanda ya saurare su, domin an san abin da suke nema. Abin da ya girgiza dokar shi ne juyawar waɗanda suka goyi bayanta. Pauline Sabin, babbar 'yar jam'iyyar Republican, ta so hanin da farko saboda 'ya'yanta maza. Da ta ji shugabar WCTU tana cewa da yawun dukan matan Amurka take magana, sai ta kafa ƙungiyar mata masu neman a soke dokar a 1929, wadda ta tara mambobi fiye da miliyan ɗaya. Hujjarta ta uwa ce: a dā mai gidan giya yana tsoron a ƙwace lasisinsa in ya sayar wa yaro, amma mai sayarwa a ɓoye ba shi da lasisin da zai rasa, don haka yana sayar wa kowa. Kwamitin da shugaba Hoover ya kafa ya kawo rahoto a Janairu 1931 cike da shaidar cewa ba a iya tsare dokar, sa'an nan ya ba da shawarar kada a soke ta, abin da ya zama abin dariya a jaridu. A Yuni 1932 John D. Rockefeller ƙarami, ɗan Baptist da bai taɓa sha ba, wanda iyalinsa suka zuba kuɗi mai yawa a yaƙin, ya fito fili ya ce a soke, domin raina doka ya yawaita.

Amma abin da ya ƙarasa ta kuɗi ne. A Oktoba 1929 kasuwar hannun jari ta rushe, tattalin arziki ya durƙushe. Zuwa 1933 kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ma'aikata ba shi da aiki. Harajin samu, wanda shi ya ba gwamnati damar rabuwa da harajin giya, ya faɗi warwas. Sai aka fara lissafi: giya ana shan ta, ribar tana tafiya aljihun 'yan daba, gwamnati kuma tana kashe kuɗi wajen binsu. In aka halatta, kamfanoni za su ɗauki ma'aikata, manoma su sayar da hatsi, baitulmali ya samu. Attajirai irin su Pierre du Pont sun daɗe suna zuba kuɗi a neman sokewar da fatan harajin giya zai rage musu nasu. Yunwa ce ta sa talaka ya yarda da lissafinsu.

A zaɓen 1932 jam'iyyar Democrat ta sa sokewar cikin alkawuranta, Franklin Roosevelt ya ci jihohi 42 cikin 48. Ranar 20 ga Fabrairu, 1933, majalisa ta aika wa jihohi gyara na 21. A nan aka yi wata dabara. Maimakon a bar wa majalisun jihohi, inda 'yan majalisa suke tsoron ƙungiyar yaƙi da gidajen giya, sai aka ce kowace jiha ta kira taro na musamman wanda jama'a za su zaɓi wakilansa kan wannan tambaya kaɗai. Wannan ne karo ɗaya tilo da aka bi wannan hanya. A Afrilu aka halatta giya mai sauƙi, kafin wata goma su cika kuma Utah ta zama jiha ta 36 da ta amince, duk da roƙon shugabannin addinin Mormon da suka fi rinjaye a can.

Kada mu yi gaggawar ɗaukar wannan labari mu ɗora a kan kowace ƙasa. Mu da muke zaune a jihohin da aka hana sayar da giya tun wajen shekarar 2000 mun san cewa inda addinin yawancin jama'a ya riga ya haramta abu, dokar tana da ƙasar da za ta tsaya a kai, wadda ta Amurka ba ta samu a biranenta ba. Mun kuma san cewa ƙishin maye yakan nemi wata ƙofa, har gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018.

Sokewar ma ba ta mai da Amurka gidan jiya ba. Gyara na 21 ya miƙa wa kowace jiha ikon tsara nata. Aka zo da lasisi, da iyakar shekarun mai saye, da lokacin rufewa, da hana sayarwa ranar Lahadi a wurare da yawa, har a wasu garuruwa samun abin sha ya fi wuya bayan sokewar fiye da lokacin hanin. Kansas ta riƙe haninta har 1948, Oklahoma har 1959, Mississippi har 1966, kuma har yau akwai ƙananan hukumomin da ba a sayar da giya a cikinsu, da ƙuri'ar mazaunansu.

Mashayin da aka yi duk wannan dominsa kuwa yana nan yadda yake. A 1935, a garin Akron na jihar Ohio ɗin nan dai, wasu mashaya biyu, ɗan kasuwar hannun jari Bill Wilson da likita Bob Smith, waɗanda dukansu suka sha giya a duk tsawon shekarun hanin, suka haɗu ta hannun wata ƙungiyar zumuntar Kirista, suka fara taimakon juna su wuce rana ɗaya ba sha. Daga nan ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta fito. Da yawa daga cikin tarurrukanta har yau a ɗakunan majami'u ake yin su.